Ba baƙi ne ke kashe gasa ba

Na karanta labarin nan da ke cewa baƙin mahaya sun mamaye gasar tseren babur ta speedway a Poland suna danne 'yan gida. Ni dai ban yarda ba. Tun da aka buɗe wa baƙi ƙofa a 1990, irin su Hans Nielsen na Denmark suka shigo, yaran Poland suka riƙa koyon sana'a a gefen gwanaye. Babur ne fa mara birki, giya ɗaya, zagaye huɗu a kan ƙasa. Wanda bai goga kafaɗa da manya ba, ina zai iya? Tomasz Gollob ɗan Poland ya ci kofin duniya a 2010, Bartosz Zmarzlik kuwa, shi ma ɗan Poland, tun 2019 yake ta kwasa. Kuma dokar Ekstraliga, wato babbar gasar ƙungiyoyin Poland, ta tilasta wa kowace ƙungiya sanya matasan gida 'yan ƙasa da shekara 21.

Ingila ce ma abin tausayi. A da can ne Ivan Mauger ɗan New Zealand ya yi suna. Yanzu kuɗi na Poland, har Tai Woffinden, ɗan Ingila mai kofin duniya uku, ya shafe shekaru yana yi wa ƙungiyar birnin Wrocław na Poland tsere.