Famfon Unguwarmu da Manhajar da Muke Cewa Kyauta Ce

Wata uku ke nan famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallacinmu yana kwance. Roba ce kawai ta cinye a can ƙasa. Dattijon da ya saba kwance shi ya gyara, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, mu kuma kowa yana jiran kowa. Yara sun koma tura kura zuwa rijiyar bayan gari.

Ni sana'ata cajin waya da tura karatu da fina-finai a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma kullum sai na saka wa mutane VLC, manhajar kallon bidiyo ta kyauta. Shekaranjiya wani yaro ya ce mini: "Yaya, ai wannan Turawa sun yi ta ne sun bar wa duniya." Maganar ta tsaya mini a rai. Ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, kuma har yau ƙungiyar VideoLAN, wadda ba riba take nema ba, ita ke riƙe da ita. Duk lokacin da Android ya canza, sai wani ya hana idonsa barci ya daidaita ta, in ba haka ba wata rana ka danna ta ƙi buɗewa.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne ƙarancin masu wannan wahala. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet. Sai a lokacin duniya ta ji cewa gudummawar da masu kula da ita suke samu ba ta wuce kamar dala 2,000 a shekara ba, alhali manyan kamfanoni suna cin moriyarta.

Abin da ya faru da XZ Utils, wata manhajar matse fayiloli, a 2024 ya fi taɓa ni. Lasse Collin ya yi shekaru yana ɗauke da ita kusan shi kaɗai, ga gajiya, ga masu yi masa gorin ya cika jinkiri. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya zo da fuskar taimako, ya yi haƙurin kusan shekara biyu har aka damƙa masa amana, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a ciki, wato hanyar kutse cikin na'urorin mutane. Allah ya sa wani injiniya, Andres Freund, ya lura na'urarsa tana jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu. Wallahi ban ga laifin Collin ba. Wanda aka bari da kaya shi kaɗai, duk hannun da aka miƙo zai kama.

Ba dole sai ka iya rubuta manhaja ba kafin ka taimaka. In ta ba ka matsala, rubuta wa masu kula da ita bayani dalla-dalla cikin ladabi. In kana jin Turanci, taimaka da fassara zuwa Hausa, don iyayenmu mata su daina danne-danne da ka.

Famfo kuwa, ranar Juma'a bayan sallah za mu zaga da faranti a haɗa kuɗin roba. Na roƙi Baba, dattijon nan mai gyaran, ya zauna a kujera ya riƙa nuna wa samari biyu yadda ake zare bututun, ya kuma amsa.