Wurin da ƙarin ya zauna ne ke nuna hanyar tiyata

Wani labari kan tiyatar ƙarin da ke fitowa a cikin kai ya nuna kamar cire ƙari ta hanci ya maye gurbin buɗe ƙoƙon kai, alhali lamarin bai kai haka ba. Shiga ta hanci da siririyar na'ura mai kyamara ya fi dacewa da ƙarin da ke tsakiyar gindin ƙoƙon kai. Idan kuwa yana gefen waje na jijiyar gani, likita kan bi ta ninkin fatar ido ko ya buɗe ƙashi ta gefen goshi, don kada ya ƙetara jijiyar. Abin da ya fi damuna shi ne yadda labarin bai ambaci yoyon ruwan ƙwaƙwalwa bayan aikin hancin ba, wanda kan iya jawo sanƙarau. Wani lokaci ma da gangan ake barin ragowar ƙarin da ya manne wa babbar jijiyar jini, a bi shi da gashi daga baya, wato a ƙona shi da haske mai ƙarfi na na'urar asibiti.