Daren da aka kama ni da laifin sace kayana

Da takardar turo ni Maraɗi domin horon ƙwarewa a sashen yara ta fito, sharuɗɗa biyu kacal na gindaya wa kaina game da masauki, wato ya kasance kusa da asibiti, kuma ya kasance da tsaro. Na taso daga Yamai da asuba, muka bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar da ta haura kilomita 600, na sauka tasha da akwati ɗaya da katifa a naɗe da lambar wani dillali wanda abokin karatuna ya rantse mini cewa babu lungun da bai sani ba.

Dillalin ya iso a kan babur, kuma kafin mu gama gaisawa ya karɓi jika biyu na mai. Gidan farko a Ali Ɗan Sofo yake, mai kyau ƙwarai, amma da na ji kuɗin haya da watanni ukun da ake biya tun gaba, sai na yaba fentin na fito. Na biyu yana can gangare wajen Gulbi, kuma a jikin bangonsa na ga wani zane mai duhu daidai gwiwata, wanda dillali ya ce ado ne. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar masallaci ya kira ni gefe ya tuna mini cewa ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi garin daga kwari aka hau tudu, don haka ya yi mamakin yadda mai ilimi irina yake neman komawa inda kakanni suka gudo. A gida na uku kuwa tambaya ɗaya mai gidan ya yi mini: “Ina iyali?” Da na ce sai nan gaba in Allah ya so, ya ce to shi ma gidan sai nan gaba.

A rana ta huɗu muka dace da gidan wata Hajiya a unguwar Zariya. Katangar ta fi ni tsawo da kamu biyu, an dasa mata fasassun kwalabe a sama, ƙofar ta ƙarfe ce mai kwaɗo biyu, ga tsoho mai gadi da ƴar butar shayinsa, ga kuma garken zabi da ba sa barin ko ƙadangare ya wuce ba su kai rahoto ba. Ita ma ta fara ɓata fuska da ta ji ni tuzuru ne, amma da dillali ya ce mata lokotoro ne, wato likita, sai ta gyara zama ta miƙo mini hannu in ji bugun jininta. Muka daidaita a kan jika 35 a wata. Ta sanar da ni cewa ƙarfe goma na dare ake rufe ƙofa, kuma makulli a ƙarƙashin matashinta yake kwana. Ni da nake neman tsaro, har godiya na yi mata a kan wannan doka.

Sati uku na yi ina fita kafin gari ya waye, ina dawowa bayan isha'i, ta yadda babu maƙwabcin da ya san fuskata. Watan Agusta ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika ɗakunan yara maƙil, kuma wanda ke kan kira ba ya barci da idanu biyu. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya da rabi malamar jinya ta bugo mini cewa an kawo yaro yana jijjiga, jininsa kuma ya yi ƙasa sosai. Na zura takalmi na saɓa jaka na nufi ƙofa, a nan ne na fahimci cewa ƙofar da ke hana ɓarawo shiga ba ta da wata hanyar gane mai haya idan yana son fita.

Na taɓa mai gadi na ce, “Baba, a taimaka a buɗe mini.” Ya ce shi aikinsa gadi ne, makulli kuwa sai Hajiya. Na buga ƙofar Hajiya har hannuna ya yi zafi, amma fanka da minshari suka haɗu suka rinjaye ni. Mai gadi ya ja mayafinsa ya koma barci, ni kuma na ɗaga kai na dubi itacen dogon yaron da ya jingina da katanga. Na hau shi kamar yadda na saba a ƙuruciya, na shimfiɗa tabarmar salla a kan kwalabe, na tsallaka, wandona ya bar rabin ƙafarsa a can sama. Ina dira waje zabin nan suka ɓarke da kururuwa gaba ɗaya.

Ban taɓa sanin unguwar tana da samari masu yawa haka ba. Kafin in miƙe an haske ni da fitilun waya, wani ya riƙe mini wuyan riga, wani kuma yana juya taɓarya a sama. Na ce ni ne likitan da ke haya a gidan, suka ce kowane ɓarawo da irin tatsuniyarsa. Aka zazzage jakata a ƙasa, abin sauraren ƙirji da ma'aunin hawan jini da farar riga suka zubo, sai mai taɓarya ya yi salati ya ce, “La ilaha illallahu, kayan lokotoron Hajiya ya sato!”

Hayaniyar ta yi abin da bugun ƙofata ya kasa, domin ta tashi Hajiya. Ta leƙo ta kafar ƙofa ba tare da tabarau ba, na ce, “Hajiya, ni ne ɗanki.” Ta ƙura mini ido ta ce ita ba ta da ɗa mai hawan katanga, lokotoronta yaron kirki ne kuma yana ciki yana barci. Aka aiki mai gadi ya taso shi domin ya zo ya shaida kayansa. Tsohon, wanda bai fi minti goma da yin magana da ni ba, ya dawo da gudu yana haki yana cewa ɗakin a buɗe yake, shi ma lokotoron an sace shi.

Wayata ce ta cece ni. Malamar jinya ta sake bugowa, mai riƙe da wuyana ya amsa, ta kuwa wanke shi tas da faɗa har waɗanda ke baya suna ji. Nan take taɓarya ta sauka, aka kakkaɓe mini ƙasa ana ba ni haƙuri, kuma shi mai taɓaryar, wanda ashe ɗan kabu-kabu ne, ya goya ni zuwa asibiti ya ƙi karɓar ko dala. Yaron ya samu ƙarin jini, ya farfaɗo kafin hantsi, ni kuwa na yi zagayen safe da ƙafar wando ɗaya da rabi a ƙarƙashin farar riga.

Tun daga ranar unguwa ta san ni, har ta wuce yadda nake so, domin duk asuba sai na tarar da dattawa biyar ko shida a kan bencin mai gadi sun naɗe hannun riga suna jiran awo. Na roƙi Hajiya cikin ladabi ta bari a yanka mini makulli nawa. Ta yi kwana biyu tana shawara, sannan ta kira ni ta ce, “Ɗana, makullin gidana ba ya kwana a hannun tuzuru.” Ta nuna mini sabon tsani da kafinta ya jingina a gindin dogon yaro, da tsohon buhu da aka ɗora a kan kwalabe, ta kuma sanar da ni cewa daga watan gobe hayar ta koma jika 36.