Masan gidan haya na buƙatar marufin da ke rufe kansa

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya ya san rigimar masai. Ɗaki takwas, rami ɗaya. Marufin kuwa, wani tsohon faranti ko guntun katako, kullum yana jingine da bango, domin babu mai son sa masa hannu. Kafin azahar ƙudan da ya fito daga ramin ya sauka a kan kwanon tuwon yara a tsakar gida.

Na zauna a irin wannan gida shekara huɗu. Mun rubuta ranakun wanki da gawayi a bango, ba a yi sati biyu ba aka koma "ai jiya ni na wanke". Tun daga nan na daina yarda cewa wa'azi kaɗai zai gyara ban-ɗakin taro. A ƙera abin da ba ya jiran kirkin kowa.

Shawarata ita ce a haɗa marufin da matakin da ake ɗora ƙafa. Ka hau ka tsuguna, nauyinka ya ɗaga shi. Ka sauka, ya koma ya toshe bakin ramin. Hannu bai taɓa ba, mantuwa ba ta bar shi a buɗe ba, ko da yaro ne ya shiga da tsakar dare. Masu waldan da ke ƙera ƙofofi a bakin titi ba za su gaza wannan ba. Matsalar da nake hange tsatsa ce, don tururin masai na cin ƙarfe, saboda haka faifan ya zama na roba mai kauri.

Akwai kaskon SATO, wani mazubi da ake kafawa a bakin ramin masai, da aka fara gwadawa a Bangladash, mai ƙyauren da ke rufe kansa daga ƙasa. Yana aiki, amma sai an kora da ruwa, ga shi a unguwanni da yawa ruwan daga kurar mai ga-ruwa ake saye.

A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, Bauchi da Jigawa da Kano na cikin inda ta fi ɓarna. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko da ta rabu da bahaya a fili. Madalla, sai dai ramin da ke buɗe a tsakiyar iyali takwas bai raba su da ƙuda ba. Kuɗin marufin ya hau kan mai gida, duba-gari kuma ya riƙa leƙa masan kafin a zuba 'yan haya.