Tauhidin da ke ƙarƙashin kishin ƙasa na Kiristanci a Amurka

Masu cewa kishin ƙasa na Kiristanci a Amurka siyasa ce zalla sun yi gaggawa. Akwai tauhidi a ƙarƙashinsa, kuma a ganina ginshiƙinsa ɗaya ne: a ɗauko alkawarin da Allah ya yi wa Isra'ila a Tsohon Alkawari, ko maganar da Almasihu ya yi wa almajiransa, a ɗora wa ƙasa mai iyaka da majalisa da sojoji.

A duba wa'azin John Winthrop na 1630, jagoran 'yan Puritan, wato Furotesta masu neman tsarkake cocin Ingila, sa'ad da suke ƙaura daga Ingila zuwa Massachusetts a Amurka. Ya ce za su zama birni a kan tudu, yana jingina da Matiyu 5:14. A ayar, almajirai ake wa magana. Shi kuwa ya mai da ita yarjejeniya tsakanin Allah da al'ummar da za su kafa: in an yi biyayya a ga albarka, in an kauce a gamu da fushi. Haka ake yi wa 2 Tarihi 7:14, ayar da Allah ya ce in jama'arsa suka tuba zai warkar da ƙasarsu, a tarukan addu'a har yau. Amsa ce ga Sulemanu bayan keɓe Haikali, jama'ar da ake nufi kuma Isra'ila ce. Amma da zarar an karanta ta da Amurka a rai, kowane hukuncin kotu da bai yi wa mutum daɗi ba ya zama karya alkawari, akwatin zaɓe kuma ya zama wurin tuba.

Sai batun mulkin Almasihu na shekara dubu da ke cikin Wahayin Yahaya sura 20. Wasu na ganin sai bishara ta mamaye duniya tukuna Almasihu zai dawo. A kan wannan malamin tauhidi R. J. Rushdoony ya kafa cibiyar Chalcedon a 1965, a 1973 kuma ya wallafa babban littafinsa mai kiran a gina dokar ƙasa kan shari'ar Musa, har da hukunce-hukuncen kisa. Mabiyansa na gaske ba su da yawa, sai dai tunaninsa ya ratsa masu karantar da 'ya'yansu a gida.

A majami'un Fentikos salon ya canza zuwa koyarwar duwatsu bakwai: addini, iyali, ilimi, gwamnati, kafofin yaɗa labarai, nishaɗi da kasuwanci, kowanne sai mai bi ya hau ƙololuwarsa. Sukan kafa hujja da Farawa 1:28, alhali mulkin da ayar ta ba ɗan Adam a kan kifi da tsuntsaye da dabbobi ne. Ba ta ce a kan maƙwabci ba. (Abin mamaki, da yawa cikin masu ɗaga wannan tuta sun tashi ne kan koyarwar John Nelson Darby, mai wa'azi na ƙarni na 19, wadda ta ce duniya lalacewa za ta yi ta yi har a ɗauke ikilisiya. Tauhidin ya saɓa, ƙuri'ar ta haɗu.)

Inda gizo ke saƙar shi ne: Kiristancin wa za a mai da doka? Massachusetts ta ba da amsa tun da wuri. Ta yanke wa mai wa'azi Roger Williams hukuncin kora a 1635, shi da ya ce ba huruminta ba ne ta hukunta mutum kan ibadarsa, sannan ta rataye mabiya ɗarikar Kirista ta Quaker huɗu a Boston tsakanin 1659 da 1661. A Virginia, an ɗaure masu wa'azin Baptis saboda ba su da lasisin hukuma. Shi ya sa 'yan Baptis ɗin suka kasance a sahun gaba wajen matsa lamba har gyaran tsarin mulki na 1791 ya hana majalisar tarayya kafa addinin gwamnati.