Ranar da na taya gida a Ingila

Shekara huɗu muka yi ni da iyalina, mu biyar, a wani ɗan gidan haya mai ɗaki ɗaya da falo a wani gari na arewacin Ingila, kafin sunana ya shiga jerin masu neman gidan ƙaramar hukuma. Jerin nan ba na wasa ba ne, domin a Ingila kaɗai iyalai fiye da miliyan ɗaya ke jira, kuma tun daga 1980, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya damar sayen gidajen hukuma da rangwame, an sayar da kusan miliyan biyu ba tare da an gina kwatankwacinsu ba. Wasiƙar da ta zo mini ta ce an sanya ni a rukuni na uku, ta ba ni lambar rajista, sannan ta ce ina da damar taya gida uku a kowane mako, ko ta intanet ko ta na'urar da aka kafa a ofishin gidaje.

Kalmar tayi ita ce ta fara kai ni ta baro. Na tashi a Kantin Kwari a hannun kawuna, kuma a iya sanina ba a taya kaya da fatar baki, saboda haka na biya ta banki na ciri fam 300 na sa a aljihun ciki. Mai ɗakina ta rako ni har bakin ƙofa tana ja mini kunne: "Baban Ummi, kada ka fara da duka, ka rage abin ƙari idan suka ce albarka."

Na tarar da na'urar tsaye a gefen zauren jira, tsawonta ya kai ƙirjina, ba ta da maɓalli ko ɗaya sai allo mai sheƙi da ake taɓawa. Watan Janairu ne, sanyi yana ratsa ƙashi, hannuwana suna cikin safar ulu mai kauri. Na taɓa inda aka rubuta a fara, allon bai motsa ba. Na danna da ƙarfi, shiru. Na ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa kamar mai sallama a gidan surukai, nan ma shiru, har na fara raya wa kaina cewa na'urar ta gane rukunina ne take ja mini aji. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, wadda ke jiran uwarta a kan benci, ita ce ta taso ta kama bakin safata ta ja, ta nuna mini yatsana. Ashe irin wannan allo da ɗan lantarkin jikin mutum yake aiki, ulu kuwa ba ya barinsa ya wuce.

Da na cire safar sai na'urar ta koma mai saurin ji fiye da kima. Yatsana da ke rawar sanyi ya goga wani wuri a jerin harsuna, nan take komai ya koma yaren Polan. Na duba jerin daga sama har ƙasa, na ga Urdu, na ga Larabci, na ga Somaliyanci, ban ga Hausa ba, na haƙura na koma Turanci. Ta nemi lambar rajista, na shiga laluben wasiƙar a aljihuna shida, kafin in same ta allon ya gaji da jira ya koma farko, domin an tsara shi ya goge bayanin mutum idan ya daɗe bai taɓa ba. Sau biyu muka yi haka da ita, layi kuwa yana ƙaruwa a bayana, kowa ya yi shiru irin shirun Turawa wanda ya fi zagi ciwo.

A karo na uku gidajen makon suka bayyana, kowanne da hotonsa da kuɗin hayarsa na mako da yawan ɗakunansa, a ƙasa kuma ana nuna wa mutum matsayinsa idan ya taya. Na taɓa wani mai ɗaki uku da ɗan fili a baya, ta ce ni ne na 187. Na taɓa wani a hawa na tara, ta ce na 94. Jikina ya yi sanyi, ina ta jan allon sama, sai can ƙasa idona ya faɗa kan wani gini na jan bulo mai faffaɗar farar ƙofa, fam 11 a mako, kuma ni ne na biyu. Ban tsaya karanta komai ba, domin wanda ya tsinci dami a kala ba ya tambayar mai gona. Na taya, na'urar ta turo 'yar takardar shaida, na kira gida murya tana rawa na ce, "Maman Ummi, fara haɗa kaya, Allah ya yanke mana wahala."

Saura biyan kuɗi. Na zaga na'urar ban ga wurin saka kuɗi ba sai tsagar da takardar ta fito, saboda haka na miƙar da takardar fam 20 na fara cusa ta da ɗan yatsa. Ina cikin haka wata ma'aikaciya mai furfura ta iso da sauri ta zare kuɗin ta mayar mini. Cikin ladabi ta bayyana mini cewa tayin nan ba na kuɗi ba ne, nuna sha'awa ne kawai. Ta ce da can ma'aikaci ne ke zaɓa wa mutum gida, amma daga 2001 aka fara gwada wannan tsari da aka aro daga birnin Delft na ƙasar Holan, inda ake tallata gidajen kowa ya zaɓa da kansa, sannan a ba wanda rukuninsa ya fi gaba, idan rukuni ya zo ɗaya a ba wanda ya fi daɗewa yana jira. Na gyaɗa kai kamar dama na sani, na miƙa mata takardar shaidata da alfahari. Ta duba, ta gyara tabarau, ta sake dubawa, sannan ta tambaye ni wace irin mota nake hawa.

Na ce mata bas nake shiga. Ta ce abin da na taya garejin ajiye mota ne, domin hukumar tana bayar da hayarsu a ƙarshen jerin.

Kafin in isa gida an sauke labule, an jera tukwane a kwali, an kuma sanar da 'yan uwa a Kano har gwaggona ta aiko da saƙon murya tana guɗa. Mako biyu bayan haka wasiƙa ta zo cewa na farko ya janye, an sallama mini, in kawo lambar motata. Mai ɗakina ta karanta ta har ƙarshe, ta ninke, ta dubi katifar yara da ke jingine a bangon falo, ta ce in koma in tambaye su ko garejin yana da taga.