Tarihin bai fara daga Kannywood ba

Marubucin wani labari ya ce littafin tarihin wasan kwaikwayonmu na talabijin daga Kannywood zai fara. Haba! Ina aka bar Samanja? Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya fito a matsayin Samanja a wasan, tsohon soja ne, shi ya sa Hausar barikinsa ta zauna daram, har yaran unguwa suna kwaikwayon tsawarsa. Lokacin talabijin ɗaya ce a layinmu, baƙi da fari, mu cika tsakar gidan maƙwabci a kan tabarma, masu leƙe ta taga sun fi na ciki yawa. Kai kuma mai cewa komai yana YouTube, guntaye nawa ka gani? Pategi ya rasu a 2023, wa ya zauna ya naɗi bakinsa?